Amosanin jini a ƙasar Adar: ciwon da ake gada ta gida biyu

Sanin kowa ne cewa a ƙasar Adar, tun daga Keita, Tamaske, Ibohaman da Garhanga har zuwa Buza da Madawa, watannin hunturu watanni ne na wahala ga ƙananan yara. Idan iskar gabas ta fara kaɗawa bisa duwatsu a Disamba da Janairu, masu tari da mura sukan cika gidajen likita. To amma cikin yaran da ake kawowa akwai waɗanda ma'aikatan kiwon lafiya ke ganewa tun daga bakin ƙofa: hannuwa da ƙafafu a kumbure, idanu sun koma ruwan ɗorawa, tafin hannu ya yi fari, yaro na kuka ba ya yarda a taɓa masa ko gaɓa ɗaya. Bayan ƴan kwanaki ciwon ya lafa, a koma gida, wata biyu ko uku a sake dawowa da shi.

Wannan ciwo shi ne amosanin jini, wanda a Nijar aka fi sani da emasi, a Najeriya kuma sikila. Tambaya ɗaya ke damun uwayen da abin ya shafa: daga ina ya fito, alhali uwa lafiya lau, uba lafiya lau? Da yake ba su samu amsa ba, sai zargi ya cike gurbinta. Wasu su ce nonon uwa ne ya ɓaci, wasu su ce wabi take yi, wasu su ɗora wa iska ko maita ko kishiya. Sau da yawa ƙarshen magana shi ne a ce matar ce ta shigo da ciwo cikin gida, har aure ya mutu saboda haka. Masana kuwa sun warware wannan tambaya tun shekara ta 1949, kuma amsar ba ta fi ƙarfin duk wanda ya iya ƙidaya daga ɗaya zuwa huɗu ba: yaro ba ya samun amosanin jini sai ya gaji rabi daga wajen uwa, rabi daga wajen uba.

Abin da ke faruwa cikin jini

Jinin mutum ja ne saboda wasu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, waɗanda ake kira jajayen ƙwayoyin jini. A ɗigo ɗaya akwai miliyoyinsu. Aikinsu shi ne ɗaukar iskar numfashi daga huhu su kai ta ko'ina cikin jiki, kuma abin da ke riƙe masu iskar wani sinadari ne mai suna emoglobin. Ƙwaya mai lafiya kewayayya ce kamar faifai, mai laushi, tana lanƙwashewa ta kutsa cikin jijiyar da ta fi gashin kai siranta, kuma takan yi kwana 120 tana aiki kafin jiki ya sauya ta da sabuwa.

Emoglobin na yawancin mutane ana yi masa alama da harafin A. Akwai wani iri dabam da ake yi wa alama da S. Shi wannan na biyu, idan iska ta yi ƙaranci cikin jini, sai ya haɗe ya yi tsinke-tsinke, ƙwayar ta ƙandare ta lanƙwashe kamar lauje. Daga nan wahala uku ke fitowa. Ta farko, ƙwayoyin da suka ƙandare sukan toshe ƙananan jijiyoyi, kamar yadda kara da yayi ke toshe hanyar ruwa a garka, gaɓar da jini bai kai gare ta ba ta ɗauki zogi mai tsanani. Ta biyu, irin wannan ƙwaya ba ta wuce kwana 10 zuwa 20 take fashewa, ɓargo ya kasa mayar da abin da aka rasa, jini ya yi ƙaranci, ido ya yi ɗorawa. Ta uku, saifa, wadda ke tace ƙwayoyin cuta daga cikin jini, takan lalace tun yaro na ƙarami, ta yadda zazzaɓin da wani yaro zai yi kwana biyu ya tashi, shi yana iya kashe shi cikin yini guda.

Jariri yakan zo duniya da wani irin emoglobin na cikin mahaifa wanda ba ya ƙandarewa, kuma sai bayan wata 4 zuwa 6 wannan kariya ke gushewa. Shi ya sa yaro ke yin suna lafiya, ya yi arba'in lafiya, sa'an nan ciwo ya bayyana yana tsakiyar shan nono. Masu zargin nono lokaci ne ya rikita su. Ciwon na cikin jikin yaro tun ranar da aka ɗauki cikinsa.

Wani likita na birnin Shikago a Amurka, James Herrick, shi ya fara bayyana waɗannan ƙwayoyi masu kama da lauje a shekara ta 1910, bayan an duba jinin wani ɗalibi ɗan tsibirin Girenada. Mutanen Afirka ta Yamma kuwa sun daɗe da sanin ciwon: likitan nan na Gana, Felix Konotey-Ahulu, ya bi sawunsa cikin zuriyar gidansu, kaka da kakanni, har zuwa shekara ta 1670. A 1949 Linus Pauling ya nuna cewa aibin na cikin emoglobin ne, a wannan shekara kuma James Neel ya tabbatar da hanyar da ake gadonsa. A 1956 Vernon Ingram, a Ingila, ya gano ainihin wurin da aka samu bambanci: a cikin wata sarƙa mai ƙulli 146, ƙulli ɗaya tak ne, na shida, ya sauya.

Darasin wake

Ƙa'idar wannan gado ba a asibiti aka fara gano ta ba, a garka aka gano ta. Gregor Mendel, wani malamin addinin Kirista a garin Burno, cikin ƙasar Cek ta yau, ya yi shekaru daga 1856 zuwa 1863 yana shuka wani irin wake na ƙasar Turai. Ya ɗauki iri mai dogon kara da iri mai gajeren kara ya haɗa su, wato ya shafa garin furen wannan a furen wancan. Da ya shuka ƴaƴan, duka suka fito dogaye, kamar gajarta ta ɓace. Ya bar waɗannan dogaye suka yi ƴaƴa, ya sake shukawa. Cikin tsiro 1064, guda 787 suka fito dogaye, 277 gajeru. Gajartar da aka ɗauka ta ɓace ta dawo a jikoki, kusan ɗaya cikin kowane huɗu.

Mendel ya bayyana sakamakon aikinsa a 1865, ba a kula da shi ba sai a 1900, bayan rasuwarsa. Abin da ya fahimta shi ne kowace siffa tana da ƙwayoyin gado guda biyu, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Wata ƙwayar mai rinjaye ce: ko ita kaɗai ce, siffarta na bayyana. Wata kuwa mai ɓuya ce: idan ta haɗu da mai rinjaye sai ta yi shiru, ba ta ɓace ba, ba ta bayyana ba, sai ranar da ta haɗu da irinta.

Haka abin yake ga ɗan Adam. Cikin ƙwayoyin jikin mutum akwai zaren gado 46, an jera su biyu-biyu, 23 daga uba, 23 daga uwa. Umurnin ƙera sarƙar emoglobin da aka ambata yana bisa zare na 11, kuma kowa na da shi sau biyu. Wanda ya gaji A ta wajen uwa da uba, shi ne AA. Wanda ya gaji A ta gefe ɗaya, S ta ɗaya gefen, shi ne AS. Wanda ya gaji S ta gefe biyu, shi ne SS, kuma shi ne mai amosanin jini.

Mai AS ba majinyaci ba ne. Yana noma, yana kokowa, yana tafiya cin rani har Abijan ko Legas, mace tana daka tana haihuwa, a tsufa ba a san ana ɗauke da kome ba. Emoglobin A da ke jikinsa ya isa ya hana ƙwayoyin jini ƙandarewa a zaman yau da kullum. Amma duk lokacin da zai haihu, ɗaya daga cikin biyun nan zai miƙa wa ɗansa, ko A ko S, kuma ba shi ke zaɓa ba.

Lissafin ƙwarya biyu

Kowace cibiyar yaƙi da jahilci na iya gwada wannan lissafi ba da kashe ko dala ba. A samu ƙwarya biyu, ɗaya ta uba, ɗaya ta uwa. A kowace a sa wake biyu, fari ɗaya, ja ɗaya. Fari shi ne A, ja shi ne S. Mutum ya rufe ido ya ɗauko ɗaya daga kowace ƙwarya, a rubuta abin da ya fito, a mayar da waken, a girgiza, a sake. Hanyoyi huɗu ne kawai: fari da fari, fari da ja, ja da fari, ja da ja. Idan aka yi haka sau 100, za a tarar ja da ja ya fito kusan sau 25, fari da fari kusan sau 25, gauraye kusan sau 50.

Ga yadda lissafin ke kasancewa ga kowane irin aure:

AA da AA: dukan ƴaƴa AA.
AA da AS: babu mai ciwo, amma kowane ciki rabi da rabi ne tsakanin AA da AS.
AS da AS: a kowane ciki, kashi 1 cikin 4 SS, kashi 2 cikin 4 AS, kashi 1 cikin 4 AA.
AA da SS: dukan ƴaƴa AS, babu mai ciwo.
AS da SS: kowane ciki rabi da rabi ne tsakanin AS da SS.

Akwai kuskuren da ya kamata mai karatu ya kiyaye. Ɗaya cikin huɗu ba ya nufin idan ɗan fari ya zo da ciwo, uku na bayansa sun tsira. Ana mayar da wake cikin ƙwarya bayan kowane ɗauka, ƙwarya kuma ba ta tuna abin da ya fito jiya. Wani gida na AS da AS zai haifi biyar babu mai ciwo ko ɗaya, maƙwabcinsa ya haifi uku a jere duka SS. Idan aka ɗauki gidaje 100 na AS da AS, kowanne da ƴaƴa 6, lissafi ya nuna kusan gida 18 ne kawai ba za su samu mai ciwo ba. Hakanan, yaro mai lafiya wanda wansa ko ƙanensa SS ne, ya fi kusa da zama AS: cikin irin waɗannan yara 3, biyu na ɗauke da S.

Akwai kuma wani emoglobin da ake yi wa alama da C, wanda ya fi yawa a Burkina Faso da arewacin Gana, ana kuma samunsa a Nijar. Shi ma mai ɓuya ne. Idan mai AS ya auri mai AC, kashi 1 cikin 4 na kowane ciki SC ne, wanda shi ma amosanin jini ne, ko da yake sau da yawa bai kai SS tsanani ba.

Gida ɗaya, ɗaki biyu

A nan ne wannan ilimi ke shiga cikin zaman aure. A ɗauki misalin magidanci mai AS da mata biyu, uwargida AA, amarya AS. Ƴaƴan ɗakin uwargida ba za a samu SS cikinsu ba ko da ta haifi goma. A ɗakin amarya kuwa, kowane ciki na da kashi 1 cikin 4. Abin da dangi ke gani da ido shi ne ɗaki ɗaya lafiya, ɗaki ɗaya ciwo, uba ɗaya, sai su yanke hukunci cewa daga amarya ne. Hukuncin nan rabin gaskiya ne. Ja ɗaya ya fito daga ƙwaryarta, ɗayan kuwa daga ƙwaryar maigida ya fito, kuma in ba don nasa ba, nata ba zai taɓa zama ciwo ba. Su ma ƴaƴan uwargida da ake alfahari da lafiyarsu, kusan rabinsu sun gaji S daga uban nasu.

Idan aka saki matar ta auri mai AA, ba za ta sake haihuwar mai ciwo ba, sai a ce ta rabu da wabi ko magani ya ci. Jininta bai sauya ba, ƙwaryar da ke gefe ce aka sauya. Shi kuma tsohon mijin, in ya auro wata mai AS, ciwon zai sake bayyana a gidansa. Saki ba ya fitar da S daga gida, domin maigida da kansa yana ɗauke da shi. Duk yaron da awo ya nuna SS ne, shaida ce cewa uwa da uba kowa ya ba da nasa kason.

Dalilin yawansa a ƙasashen sauro

Mai hankali zai tambaya: gadon da ke kashe yara tun ba su yi aure ba, me ya hana shi ƙarewa? Amsar na wajen sauro. A 1954 Anthony Allison, bayan bincike a Afirka ta Gabas, ya nuna cewa yara masu AS sun fi masu AA jure wa masassarar cizon sauro. Binciken da aka yi daga baya a Kenya ya nuna kariyar ta kai kusan kashi 90 cikin 100 game da masassara mai tsanani. Shekara da shekaru, a duk inda damina ke zuwa da sauro, masu AS sun fi tsira, suka girma suka hayayyafa, S ya yaɗu tare da su. Shi ya sa ake samunsa daga Senegal har Kongo, da wasu sassan ƙasar Larabawa da Indiya. Wannan kariya ta mai AS ce kaɗai, kuma ba ta hana shi kamuwa ɗungum. Ga mai SS, masassarar cizon sauro na cikin manyan abubuwan da ke halaka shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2006 cewa a Najeriya kashi 24 cikin 100 na jama'a na ɗauke da S, kuma ana haihuwar yara kusan 150.000 masu ciwon kowace shekara. Kudancin Nijar da arewacin Najeriya jama'a ɗaya ce, sauro ɗaya, auratayya ɗaya. Wani babban ƙiyasi na duniya ya nuna an haifi jarirai fiye da 500.000 da ciwon a 2021, fiye da kashi uku cikin huɗu a Afirka kudu da Sahara. Don a ga nauyin abin a ƙauye, a ɗauka mutum 1 cikin 5 ne ke ɗauke da S: aure 1 cikin 25 zai zama na AS da AS, haihuwa 1 cikin 100 kuma ta zama SS.

Auren zumunci, zabiya da kurumta

Amosanin jini ba shi kaɗai ke bin wannan hanya ba. Zabiya ma gado ne mai ɓuya. Uwa baƙa, uba baƙi, kowannensu na ɗauke da ƙwayar a ɓoye, sai a haifi yaro fari wanda jikinsa ba ya yin launin da ke kare fata da ido daga rana. Babu abin zargi ga uwar, lissafin ɗaya cikin huɗu ne ya faɗa kansa. Abin da yake bukata shi ne hula mai faɗi, riga mai dogon hannu, inuwa, da wurin zama kusa da allo a makaranta. Kurumtar da ake haihuwar yaro da ita, kaso mai yawa nata ta wannan hanya take zuwa, ko da yake sanƙarau da ƙyanda su ma suna kurumtar da yaro ba tare da gado ba.

A nan maganar auren zumunci ke shigowa, wanda ya yawaita tsakanin Hausawa, Buzaye da Fulanin Adar saboda riƙon gona, dabba da zumunta. Ɗan wa da ɗiyar ƙane, ko ɗan mace da ɗiyar namiji, kakanninsu biyu ɗaya ne. Idan ɗayansu na ɗauke da wani ɓoyayyen gado wanda ba a cika samu ba, akwai kashi 1 cikin 8 cewa ɗayan ma ya gaji irinsa ta wajen kakan nan, alhali ga bare sai a duba mutum ɗari ko fiye ba a samu ba. Wani bincike da aka yi a garin Biradfod na Ingila, aka bayyana a 2013, ya nuna cewa yaran da ake haifa da nakasa sun tashi daga kusan 3 cikin 100 zuwa kusan 6 cikin 100 idan uwayen irin waɗannan dangi ne. Ke nan yawancin ƴaƴan auren zumunci lafiya ake haihuwarsu, amma haɗarin ya ninka, kuma yana ƙaruwa idan zuriya ta daɗe tana aure cikin gida.

Game da S kuwa, guje wa auren dangi kaɗai bai isa ba, domin ya yi yawa cikin jama'a har bare ma na iya ɗauke da shi. Saurayin Keita da budurwar Damagaram da ba su haɗa kaka ba suna iya zama AS su biyun. Ɗan wa da ɗiyar ƙane kuma suna iya zama AA da AA. Awon jini ne kaɗai ke rarrabewa.

Awon jini

Awo iri uku ne aka fi sani. Akwai awon Emel, wanda ake yi da madubin likita: yana nuna ko akwai S cikin jini, amma ba ya rarrabe AS da SS, ba ya ganin C, kuma ba a dogara da shi ga jariri. Akwai awon elektoroforez, wanda ke ba da haruffa biyu sarai, AA, AS, AC, SS ko SC. Akwai kuma sabon awo na gaggawa da ɗigon jini daga yatsa, mai kama da na masassarar cizon sauro, wanda ke ba da amsa cikin ƴan mintoci ba da wutar lantarki ba. Wanda aka ƙara wa jini sai ya jira wata 3 kafin a auna shi, don kada jinin wani ya rikita sakamako. Haruffan mutum ba su sauyawa, awo ɗaya na ƙwarai ya isa har ƙarshen rai, muddin an adana takardar.

A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta kula da masu amosanin jini, wadda aka gina da taimakon ƙasar Monako. To amma daga Keita zuwa Yamai ya fi kilomita 500, tafiyar da manomi ba zai yi ba don awon ɗiyar da ke da lafiya. Amfanin wannan ilimi ba zai kai ga talaka ba sai awon ya samu a asibitocin gundumomi da gidajen likita na karkara. A maƙwabta, jihar Kano ta kafa doka a 2024 wadda ta wajabta awon jini kafin ɗaurin aure.

Lokacin awo yana da muhimmanci kamar awon kansa. Idan an kai dukiya, an sa rana, dangi sun ji, fasawa na da wuya, kuma sunan yarinya ne ke ɓaci. Awon da aka yi tun yara na makaranta, ko tun kafin magana ta yi nisa, shi ke ba gidaje biyu damar yin shawara cikin sirri. Ya kamata kuma a ja kunne: AS ba aibi ba ne. Mai AS da ya auri mai AA ba za su haifi SS ba, mai SS ma na iya auren mai AA su haifi ƴaƴa marasa ciwon. Matsalar ta haɗuwa ce, ba ta mutum ɗaya ba.

Yaron da aka riga aka haifa

Inda babu kulawa, masana sun ƙiyasta rabin yara masu SS a Afirka, ko fiye, ba su kai shekara 5 ba. Inda ake gano su tun suna jarirai, kamar Faransa da Ingila, fiye da 9 cikin 10 na girma. Gana ta fara awon jarirai a Kumasi tun 1995. Yawancin abin da ke kawo wannan bambanci ba mai tsada ba ne.

Na farko shi ne penisilin kullum, daga wata 2 ko 3 har shekara 5, bisa umurnin likita. Wani gwaji da aka bayyana a Amurka a 1986 ya nuna ya rage mugun ciwon ƙwayoyin cuta cikin jini da kashi 84 cikin 100. Sai cika alluran rigakafi duka, da ƙwayar asid folik mai taimakon ɓargo. Sai kwana cikin gidan sauro, da karɓar maganin rigakafin masassara da ake raba wa yara ƴan wata 3 zuwa 59 a watannin damina, aikin da Madawa da Buza na cikin gundumomin da aka fara shi a 2013. Sai shan ruwa da yawa, musamman a bazara, da rufe jiki a hunturu, da barin wanka da ruwan sanyi. Malamin makaranta ya bar irin wannan yaro ya sha ruwa ya kewaya duk lokacin da ya nema, uba kuma kada ya tura shi kiwo mai nisa cikin tsakar rana.

Alamun da ba a kwana da su a gida su ne zazzaɓi, farin ido da na tafin hannu fiye da yadda aka saba, kumburin ciki ta gefen hagu, numfashi da ƙyar, da mutuwar hannu ko ƙafa ko karkacewar baki. Tun 2006 gwamnati ta tsayar da cewa jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ce a gidajen likitanta. Ƙaho, tsaga a kan saifa da cire beli suna zubar da jinin da dama bai isa ba, suna kuma buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa.

Akwai magani mai suna hidiroksiyuriya, wanda ke sa jiki ya ƙara yin emoglobin irin na cikin mahaifa. Yana rage yawan tashin ciwo da bukatar ƙarin jini, kuma likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano sun gwada shi wajen kare yara daga shanyewar jiki. Sai da likita da awon jini a kai a kai ake shan sa. Dashen ɓargo na warkarwa, kuma a ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da wata hanya ta gyaran ƙwayar gado, amma kuɗinta ya haura dalar Amurka miliyan 2 ga mutum ɗaya.

Aikin da ke jiran kowa

Al'ada ce a ƙasar Hausa, kafin a ba da aure, magabata su binciki asali: wane gida ne, wace sana'a, wane ciwo aka sani cikin zuriya. Wannan bincike na ganin abin da ya bayyana, ba ya ganin abin da ya ɓuya, domin S na iya ratsa zuriya uku ko huɗu ba a ga mai ciwo ba. Awon jini cikon wannan tsohuwar al'ada ne. Yarda da ƙaddara kuma ba ta taɓa hana manomi zaɓen iri kafin shuka ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hakimai da masu gari, waɗanda ake kai wa ƙarar aure, ya dace su san lissafin ɗaki biyu kafin su saurari mijin da ya ce matarsa ce ta kawo ciwo. Limamai da waliyyai su ne ke da bakin tambayar takardar awo tun ba a sa rana ba. Ungozomomi da ma'aikatan awon ciki su ne ke fara ganin uwar da ta rasa ƴaƴa biyu ko uku da kumburin hannu, kuma su ya kamata su nemi a auna ta, a auna mijin, a auna jariri. Shugabannin kiwon lafiya na gundumomin Keita, Buza da Madawa kuwa, nauyin da ke kansu shi ne kayan awo, penisilin da jinin ƙari su samu kusa da jama'a, a kuma riƙa rubuta yawan masu ciwon.

Mutanen Keita sun taɓa nuna abin da suke iyawa. Daga 1984, cikin aikin raya karkara da aka yi da taimakon Italiya da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, jama'ar wannan kwari, galibi mata, sun jera duwatsu bisa tuddai, sun tare ruwa, sun dasa miliyoyin itatuwa a ƙasar da aka ce ta mutu. Waɗanda suka gane yadda ake riƙe ruwa bisa faƙo ba za su kasa gane lissafin ƙwarya biyu ba, in an kai masu shi cikin harshensu. A ƙarshen 2008 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar da 19 ga Yuni ta zama ranar amosanin jini ta duniya. A ƙasar Adar ranar na faɗowa a bakin damina, kafin sauro ya yi yawa, lokacin da ƴan cin rani suka dawo gida shuka. Babu lokacin da ya fi wannan dacewa a tara maza da mata wuri ɗaya, a ajiye ƙwarya biyu da wake huɗu a gabansu, a bar kowa ya ɗauka da hannunsa.